Bakin Kaltumi da Idon Tahiru

Kaltumi 'yar Gure ce gaba da baya, a gindin dutse aka binne cibiyarta. Uwarta ƙanwar Modu dillalin awaki ce, ciki ɗaya, shi kuma Modu shi ya haifi Tahiru. Ɗan namiji da 'yar mace ke nan, taubasai. A garin nan kuwa, maganar da ba za ka iya faɗa wa maƙwabcinka ba ko an sa maka wuƙa a wuya, taubashi zai faɗa maka ita a tsakiyar kasuwa, da ƙarfi, kuma dole ka yi dariya. In ka ɓata rai, kai ka ji kunya, ba shi ba.

Tun suna yawo tsirara take kiransa makaho. Dalili, wata rana ya tsaya kallon bangon masallaci baki buɗe har jaki ya taka masa ƙafa. Shi kuma yana ce mata baiwar gidansu. Da sunayen nan suka girma, da su suka yi furfura.

Ta yi aure a wani kwari wajen Kelle, gidan masu lambu. Ta ja ruwa, ta dasa rogo da albasa, ta haihu, ta binne wasu, ta aurar da wasu. Yashi ya riƙa gangarowa daga tudu yana cin lambun kaɗan-kaɗan, tari ya ci mijin. Ta naɗe tabarmarta ta dawo Gure, ta kafa faifai a kasuwa, kanwa da dabino. A lokacin ne idon kawunta Modu ya mutu, kuma ita ta yi jinyarsa, don Tahiru yana can Damagaram. Ta ga yadda abin ya zo wa tsohon. Idon bai yi fari ba, bai yi kwantsa ba, yana nan tar kamar na lafiya. Daga gefe ciwon ya fara ci. Tsoho yana zura zare a allura da kansa, amma akuya za ta wuce ta kusa da kafaɗarsa bai gan ta ba. Yana karo da bakin ƙofa, yana ture buta. Wurin ganin ya yi ta tsukewa kamar bakin jakar da ake jan igiyarta, har ya rufe ruf.

Tahiru ya ɗan taɓa lakkwal, makarantar boko, aka kore shi, don bangon aji ma bai tsira daga gawayinsa ba. A Damagaram ya koyi rubutu a jikin kamyo, manyan motocin kaya, da allunan shaguna, da zana kawunan askin wanzamai. Can ne tsofaffin sorayen unguwar Birni suka kama shi. Sai ya ɗaure farin yadi a jikin katako, ya samo fenti mai mai, irin na cikin 'yan kwanson nan da ake matsawa, wanda yake daɗewa bai bushe ba, ya zauna gaban soro yana ɗauko shi yadda yake: zankwayensa, indararonsa, tsagewar bangonsa, har inda bayan tsofaffi ya goge dakali ya yi santsi. Da ya dawo gida ya kama wani ɗan shago kusa da tasha. Allunan shaguna su suke ci da shi. Sorayen kuwa su suke cin sa, don ba tsohon gini a Gure da bai ƙona ƙeya a gabansa ba.

In ya gama zane sai ya jingine shi a ƙofar shago, masu wucewa su gani. To, mutanen Gure ai ka san su. Madalla, tubarkalla, Allah ya ƙara basira. Da zai jingine buhun gawayi ya ce gidan kakansu ne, madallar nan dai za su ba shi, su wuce su yi gulmarsa a gindin bishiya. Shi ma ya sani. Shi ya sa yake jingine zanen daidai lokacin da Kaltumi take tashi daga kasuwa.

Za ta sauke faifai, ta kama ƙugu, ta karkace kai.

"Makaho, wannan jan da ka shafa fa? Bango ne ko jar miya?"

"Jar ƙasa ce, baiwa. Ina kika san launi, ke da kullum cikin kanwa kike fari fat kamar jakin da ya yi birgima a toka?"

"Jar ƙasar da ta sha damina arba'in? Je ka sake dubawa. Ƙasan bangon ya fi samansa duhu, saboda fitsarin awaki da na maza irinka. Kuma inuwar nan da ka yi baƙa ƙirin, wa ya mutu a ciki? Inuwar hantsi shuɗi-shuɗi take yi."

'Yan tasha su fashe da dariya, Tahiru ya fi kowa, yana tafa cinya yana cewa a kawo igiya a mayar da baiwa turke. Amma in ta juya baya sai ya ɗauki zanen ya shige ciki. Washegari za ta wuce ta ga inuwar ta yi shuɗi. Ba ya cewa ya gyara, ba ta cewa ta gani. Wani laifin za ta tono. Ta ce indararonsa ba shi da sawun ruwa a ƙarƙashinsa, kamar a ƙasar da ba a taɓa hadari ba. Ta ce ƙofar zauren da ya zana ta yi sabunta, ba hannun da ya taɓa ta, to aljanu ne suke shiga? Wani lokacin ƙarya take yi don ta ji daɗin bakinta, kuma ya iya rarrabewa: ya je ya duba, in ya ga ba laifin, ya bar abinsa yadda yake. Haka suka yi shekara da shekaru, hannunsa yana ƙara nuna, har daga Yamai ake aiko masa.

Wata rana bayan Sallar layya ya jingine zanen wani tsohon shago na 'yan gishiri. Kaltumi ta sauke faifai ta karkace kai. Ƙofar ta yi kyau, har tsatsar ƙusoshi ana gani. Indararon dama ya yi kyau, na hagu ma haka. Amma bangon da ya taso daga hagu bai haɗu da wanda ya taso daga dama ba, ɗaya ya ɗara ɗaya da kamar faɗin yatsa biyu. Kowane yanki daidai yake shi kaɗai. Haɗuwarsu ce ta ƙi.

Tana cikin kallon nan Tahiru ya fito da kofin shayi, kafaɗarsa ta daki bakin ƙofa, shayin ya zube masa a riga. Ya zagi kafintan da ya yi ƙofar. Kaltumi kuwa ta taɓa jin kawunta Modu yana zagin kafinta haka.

"Makaho," ta ce, muryarta ba yadda ta saba ba, "ginin nan naka ya rabe biyu."

Ya yi dariya, ya shiga da shi ciki kamar kullum. Ya duba hagu, lafiya. Ya juya kai ya duba dama, lafiya. Ina zai ga rabuwar, shi da ba ya ganin gefen biyu a lokaci ɗaya? Washegari ya sake jingine shi yadda yake.

"Laifi ya ƙare miki, baiwa. Kin koma ƙirƙira."

A kasuwa akwai wata mata 'yar Gamu da take sayen kanwa wurinta, mijinta yana da irin ciwon. Ita ta gaya mata cewa yanzu ba kamar zamanin Modu ba ne, akwai maganin ɗigawa a babbar likita ta Damagaram, wato babban asibiti. Ba ya dawo da abin da ya tafi, amma yana riƙe abin da ya rage, in an je da wuri. Tun daga ranar Kaltumi ba ta da wata magana da Tahiru sai ta ido.

"Idonka yana mutuwa. Ciwon Kawu ne. Ka hau mota ka je a duba ka."

"Kun ji ta ko?" in ji shi ga 'yan tasha. "Tun ina tsirara nake makaho, sai yanzu za a kai ni likita. Ke za ki ja mini sanda? Ai aikin baiwa ne."

"Wallahi tallahi ba wasa nake ba."

"Wallahin nan kika yi ranar da kika ce raƙumin da na zana kare ne."

Gaskiya ne, ta yi. Rantsuwarta ta daɗe da cinyewa a kunnensa kamar tsohon turmi.

Ta je wurin matarsa Rahinatu, ta same ta tana tankaɗe. Kafin ta buɗe baki ta lura da tsakar gidan: an kawar da buta, an mayar da murhu jikin bango, an janye igiyar shanya daga hanyar ɗakinsa. Hanya fetal daga zaure zuwa ƙofa, kamar an share wa ango.

"Ashe kin sani," in ji Kaltumi.

Rahinatu ba ta ɗago ba. "Me na sani, Ya Kaltumi? Gyaran gida na yi."

"Ki gaya masa. Ke in kin faɗa zai ji."

"Ni in dubi mai gidana in ce masa ya nakasa? Mutumin da idon nan ne abincinsa? Da wane baki? Ke ce aka ba ki wannan damar, ke da mijinki na wasa. Ki yi ta faɗa, Allah zai sa ya ji."

Abokansa na dakali ma haka. Kowa ya ga yadda ake yi masa sallama daga gefe bai amsa ba, kowa ya ga babur ya kusa kwashe shi a bakin tasha. Wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce ido na Allah ne. Duk suka tura mata, wai ai yana da taubashiya.

Sai ta ce bari ta canza shiga. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta yi wanka ta yafa mayafin fita unguwa, ta je har zaurensa, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa babba, abin da ba ta taɓa yi masa ba tunda uwarta ta haife ta.

"Malam Tahiru, don girman Allah, don darajar Kawu Modu da ke kwance, ka saurare ni. Ni na yi jinyarsa. Abin da na gani a idonsa shi nake gani a naka."

Ya tsaya yana kallonta. Ta ce a ranta yau kam ta shiga. Sai wani daga cikin masu shan inuwa a zauren ya ƙyalƙyale, wani ya kama, Tahiru ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki.

"Malam Tahiru! Kun ji! Yau baiwa ta zo da sabon salo!"

Hawaye ya zubo mata, na gaske, mai zafi.

"Har da kuka! Albasar Kelle kika shafa?"

Suka tafa mata. Wani ya ce a duk taubasan Gure ba wadda ta kai ta iya wasa. Ta tashi gwiwa tana ƙara, ta fita.

Damina ta wuce, wata ta zo. Zanensa yana ƙara rarrabewa, madallar gari tana nan yadda take. Ana cikin haka aka aiko masa daga Yamai. Wani Husseini ne, jikan wani madugun kanwa na Gure, wanda aka tafi da shi Yamai tun yana goye. 'Yan'uwa sun shirya rushe tsohon soron kakan su yi na siminti, shi kuma yana so a ɗauke masa shi a yadi kafin a sa masa diga. Soro ne na gaske, mai zankwaye, da zanen magina a goshinsa. Tahiru ya ce wannan ne aikin da ya yi ta jira. Ya kwashe rani guda a gabansa, yana juya kai hagu da dama kamar kaza mai neman tsaba.

Ranar da ya jingine shi, Kaltumi ta daɗe a tsaye. Ƙofar zauren kam ko magini zai so ya tura ta ya shiga. Sauran kuwa kamar tulun da ya fashe aka liƙa shi a duhu. Zankon hagu yana rataye a sama ba abin da ya riƙe shi. Dakali ya hau kan bango. Gefen dama duka launin toka ne, ba gini ba sama.

'Yan tasha sun taru suna jiran zagi. Tahiru ya naɗe hannu yana murmushi.

Dabara ɗaya ta rage mata, ta daɗe tana juya ta. Mutumin nan bai taɓa jin yabo daga bakinta ba. In ta yaba, zai san wani abu ya lalace, kamar yadda mai jinya yake ganewa in dangi suka fara yi masa magana a hankali. Zai tsorata, tsoron ya kai shi mota.

"Ya yi kyau, Tahiru," ta ce. "Ban ga laifinsa ba. Allah ya ƙara basira."

Ta zuba masa ido tana jiran fuskarsa ta faɗi. Sai ta ga idonsa ya cika da ruwa.

"Kun ji?" ya ce a hankali. Sannan da ƙarfi: "Jama'a, kun ji? Ta sallama! Tun ina saurayi nake jiran ranar nan!"

Ya sa aka dafa shayi, ya aika aka sayo tsire, ya sa aka kai mata turmin atamfa har gida. Duk wanda ya sauka daga mota sai ya ja shi ya nuna masa zanen da Kaltumi ta kasa kushewa. In da can yana ɗan jin wani abu a ransa game da idon, ranar ya zubar da shi. Ta koma washegari ta ce ƙarya ta yi, zanen ya fi duk na baya muni. Ya ce ai magana ta riga ta fita, akwai shaidu.

Aka rushe soron. Husseini bai samu zuwa ba sai bayan kaka, lokacin an riga an tayar da bulo a wurin. Ya sauka daga mota da 'yar jakarsa, mutum mai sanyin murya, Hausarsa duk ta cakuɗe da Faransanci. Kaltumi tana dawowa daga kasuwa ta tarar an fito masa da zanen, jama'a sun kewaye shi suna ta madalla a madadinsa. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya cire tabarau ya mayar. Shi bai tashi a Gure ba, ba wanda ya koya masa abin da ake cewa.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Ƙofar ta yi kyau ƙwarai. Amma bangon hagu bai haɗu da na dama ba, kuma nan gefen babu komai. Na ga aikinka na da a Yamai, ba haka yake ba. Ina jin idonka ne. Ka je a duba maka."

Wani ya yi tari. Wani ya tuna yana da saƙo a bakin kasuwa. Tahiru bai yi dariya ba. Ya juya kansa a hankali yana neman fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Maganar da Kaltumi ta yi ta yi har muryarta ta dushe, kalma da kalma, baƙo ya faɗe ta sau ɗaya ta zauna.

Husseinin ne ma ya tafi da shi Damagaram a motar da zai koma. Likita ya haska, ya auna, ya ce ruwan cikin ido ne ya yi nauyi ya danne jijiya. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan wuri, kamar mai leƙe ta cikin kara. Ya ba shi na ɗigawa, ya ce zai riƙe wannan ɗin in Allah ya so, ya kuma tambaya me ya hana a kawo shi bara ko bara waccan, lokacin da akwai abin riƙewa mai yawa.

Da ya dawo bai buɗe shago ba. Kaltumi ta bari masu jaje suka ragu sannan ta je. Ta same shi a zaure da hantsi, kwalbar maganin a gefen tabarma. Ta yi sallama. Ya yi ta juya kai har ya same ta a cikin ɗan wurin da ya rage masa.

"Ke ce."

"Ni ce."

Ta zauna nesa kaɗan. Kaza ta shigo ta fita.

"Kin ga ciwon Baba," ya ce. "Kin san shi. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka. A tasha na gaya maka, a nan zauren na durƙusa na gaya maka."

"Da wasa kika faɗa."

"Da wane bakin zan faɗa? Shi kaɗai gare ni."

Can ya ce, "Kuma kika ce ya yi kyau."

"Na ce."

"Na raba tsire."

Ta jira ko zai zage ta, ko da zagin gaske ne, ta samu abin kamawa. Bai zage ta ba. Ya tambaye ta yara, ya tambaye ta kasuwa, ya yi mata godiyar zuwa kamar yadda ya yi wa sauran masu jaje, ya ce ta gaida gida.

Wani mai gyaran waya ne a shagon yanzu. Fentin ya bushe a kwansonsa. Zanen soron madugu Husseini bai ɗauka ba, Rahinatu ta kifa shi a kan akurkin kaji saboda ruwa. Tahiru yana fitowa da safe da sanda ya zauna a benci a bakin tasha, don a nan ya saba, yana jin shigar motoci da fitarsu.

Kaltumi tana nan da kanwarta da dabinonta, kuma mai saye da ya taya mata banza har gobe yana jin abin da bai shirya ji ba. Amma in ta tashi kasuwa ba ta bin ta tasha. Ta bayan mahauta take zagayawa, ta cikin yashi, hanyar da ta fi nisa, ga gwiwa ba lafiya, tana tafiya tana hutawa da faifai a ka.